Haji Dahalan, Cikon Arba'in

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga wanda ya hore teku ga bayinsa, yake kawo ruwanta ya kuma janye shi ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ni ne limamin Kuala Nipah, ƙaramin gari a gaɓar teku a jihar Kedah, gonakin shinkafa a bayanmu, laka da teku a gabanmu. Mu mabiya mazhabar Imamu Shafi'i ne, kuma a wurinmu Juma'a ba ta ƙulluwa sai da maza arba'in, baligai, masu hankali, mazauna garin, waɗanda za su halarta tun daga farkon huɗuba. A dā wannan sharaɗi bai taɓa hana kowa barci ba. Amma samarinmu suka watse zuwa masana'antun birane, tsofaffinmu kuma suna amsa kiran Ubangiji ɗaya bayan ɗaya, har muka wayi gari mu arba'in ne cif, da ni a ciki, da Tok Awang wanda ƙafafu suka ƙi, a baro ake turo shi. Juma'a ba ta taɓa faɗuwa a masallacinmu ba tun da kakanninmu suka kafa ginshiƙansa, kuma babu abin da nake roƙon Allah kamar kada ta faɗi a hannuna.

Daga cikin arba'in ɗin nan akwai Haji Dahalan. Mutum ne mai kyauta, mai sakin fuska, ba ya rasa jam'i. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa mutane tuƙin mota a birnin Alor Setar, sannan ya dawo gida ya huta. Aibinsa guda ne: duk abin da ya gani sau ɗaya ya iya shi, wanda bai gani ba kuwa ya fi iya shi.

Wata rana ya je ziyara tsibirin Langkawi, ya dawo da farar hular kyaftin a kansa da labarin cewa ya sayi jirgin ruwa. Ba irin na masuntanmu ba: farin jirgin shaƙatawa mai tafiya da iska, mai dogon ginshiƙi da ɗakin kwana a cikinsa, wanda wani Bature da teku ta gundura ya sayar masa. Aka kawo masa shi aka jefa anka a bakin kogi, inda ruwa ke da zurfi, kudu da gari. Washegari ya sa aka rubuta "Seri Dahalan" a jikinsa da ruwan zinariya.

A shagon kofi ya tarar da Pak Seman, ladaninmu, abokin wasansa tun suna yara suna kiran juna Lan da Man, wanda bai taɓa barin wata magana ta Dahalan ta wuce lafiya ba.

Pak Seman ya ce, "Lan, an ce ka sayi jirgi. Wa zai tuƙa maka?"

"Wa zai tuƙa mini? Man, rabin direbobin jihar nan daga hannuna suka fito. Jirgi ai mota ce da ba a sa wa taya ba."

"To ina birkinsa?"

"Duk abin da ke da sitiyari yana da birki. Ban dai gano inda Baturen ya ɓoye shi ba tukuna."

"Ka taɓa shiga teku kuwa, ban da a jirgin fasinja?"

"Ni da ke kallonta kullum daga tagar ɗakina? Na san halinta fiye da yadda na san halin Kiah."

"To shi ke nan," in ji Pak Seman, yana juya kofinsa, "ka halaka."

Kiah ɗin nan ita ce Hajah Rokiah, matarsa, wadda duk gari ke kira Mak Kiah, mace mai ƙarancin magana, amma in ta yi guda sai ta wadatar.

Hutun ƙarshen mako a jiharmu Juma'a da Asabar ne. Haji Dahalan ya yanke cewa a hutun da ke tafe zai ɗauki iyalinsa, wato Mak Kiah da 'yarsu Norlia da mijinta Shahrul da jikoki biyu, su bi gaɓa a hankali zuwa tsibirin Songsong, su kwana can, su dawo Asabar da yamma. Ya ce manufar tafiyar ɗaya ce, natsuwa: babu gaggawa, babu hayaniya, iska kawai da ruwa da tasbihi.

Domin a sami wannan natsuwa sai ya sayi usur. Tun daga farkon mako ya mai da tsakar gidansa jirgi. Ya ɗaura zanin gado a igiyar shanya ya ce shi ne ƙyallen da ke kama iska, bishiyar gwanda kuma ginshiƙi. In ya busa usur sau ɗaya kowa ya ruga dama, sau biyu hagu, sau uku kowa ya zauna ya huta, kuma wanda bai huta da sauri ba sai an sake. Shahrul, malamin makaranta ne mai tsananin kunyar surukinsa, ya ja igiya da dukan biyayyarsa har gwandar ta karye ta faɗa kan kejin kajin maƙwabta.

Mak Kiah ta leƙo daga madafa, ta kira shi yadda matanmu ke kiran mazajensu, ta ce, "Abang, wannan hutun, yaushe za mu huta da shi?"

"Kiah, natsuwa sai da horo."

"Na ji. Zanin gadona kuma sai da wanki."

Ran Alhamis bayan la'asar na tare shi a barandar masallaci, Pak Seman na gefe yana naɗe tabarmi da kunnensa a wurinmu.

Na ce, "Haji, na ji za ka yi tafiya gobe. Ka san hukuncin wanda ya fara tafiya bayan alfijir ɗin Juma'a alhali zai rasa ta. Kuma kai da Shahrul kuna cikin ƙidayarmu. In kun tafi, mu talatin da takwas ne."

Ya dafa ƙirji. "Tok Imam, ni zan kayar da Juma'a? Sai bayan sallama za mu tashi. Da safe zan kawo jirgin ne kawai daga bakin kogi zuwa nan gaban masallaci, in ajiye shi jikin gadar katako inda masunta ke ajiye nasu. Wannan ba tafiya ba ce, gyaran fakin ne. Ana sallame salla in fito, in taka gada, in hau, mu ɗaga."

"A gaban jama'a," in ji Pak Seman.

"Jama'a na da haƙƙin su ga abu mai kyau."

Na ce, "Ruwa zai janye kafin Azahar."

"Ya janye mana. Jirgin ya zauna a kan laka ya jira ni, in ruwa ya dawo ya tashi. Ba haka kowane jirgi ke yi ba?"

Babu wanda ya musa masa, domin kuwa haka muka san jirgi. Jiragen masuntanmu shimfiɗaɗɗen ciki gare su. In ruwa ya janye sai su zauna daram a kan laka kamar kaza a kan ƙwai. Ni da Pak Seman da duk wanda aka haifa a garin nan ba mu taɓa ganin jirgin da ya saɓa wa wannan ba. Shi kuma Haji Dahalan a cikin ruwa ya sayi nasa, bai taɓa ganin cikinsa ba.

Da safiyar Juma'a aka yi lodi a bakin kogi. Abin da ya faru a can Shahrul ne ya ba ni labari, kuma shi mutum ne da ba ya ƙari. An shigar da katifu, da fanka, da tukunyar laksa, wato taliyarmu mai romon kifi, mai cin hannu biyu, da shinkafar kwakwa a ganyen ayaba, da buhun durian, waɗannan 'ya'yan itace masu ƙaya da ba ya iya kwana biyu babu su, da kejin kurciyarsa mai kuka, domin a cewarsa ita ma tana bukatar canjin iska. Shi kuwa ya ci ado da fararen kayan Juma'a, ya ɗora hular kyaftin, baƙar hularsa ta salla na cikin aljihu. Ya karanta addu'ar hawa jirgi da ƙarfi yadda masu sayar da kifi a ƙetaren kogi suka ce amin.

Sai Allah ya jarrabe shi da nasara. Iska ta zo daga baya, mai laushi, ƙyallen ya cika, jirgin ya fita daga kogi sumul kamar ya san hanya. Da a ce ya sha wuya tun a nan, da wataƙila ya ji tsoro ya koma.

Ina barandar masallaci tare da waɗanda suka yi sammakon zuwa sa'ad da ya ɓullo ta bayan itatuwan gaɓa. Gaskiya abin ya yi kyau. Mata suka fito ƙofar gida, masu shagon kofi suka taso da kofunansu a hannu. Haji Dahalan na tsaye a bayan sitiyari, ƙirji a waje. Da ya zo daidai masallaci sai ya miƙa hannunsa waje, kamar yadda yake koya wa ɗalibansa in za su sha kwana, ya jira ya tabbata babu mai zuwa daga baya, sannan ya murɗa sitiyarin gaba ɗaya.

Doguwar sandar da ke kwance a ƙasan ƙyallen ta taso daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin gaske. Shahrul ya kwanta, Allah ya kiyaye. Ta share igiyar da Mak Kiah ta shanya tawul, ta wuce. Jirgin ya karkata, ya miƙe, ya nufo gadar katako a guje.

Pak Seman ya ajiye tsintsiya. "Tok Imam, ya gano birkin kuwa?"

Muna ganin Haji Dahalan yana tattaka ƙasan jirgin da ƙafar dama, nan da can, yana neman abin takawa. Masuntan da jiragensu ke jikin gada suka fara salati. Ana cikin haka, da sauran tazara mai yawa tsakaninsa da gada, sai jirgin ya tsaya cak kamar an riƙe shi daga ƙasa. Duk wanda ke ciki ya zube gaba. Kurciya ta yi kuka.

Haji Dahalan ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauko lasifikar hannu da Baturen ya bar masa. Muryarsa ta iso mu a kan ruwa: "Jama'a, assalamu alaikum! Man, ka ga birki? Da kansa yake kamawa!"

Pak Seman ya haɗa tafuka a baki. "Madalla! To ƙaraso mana!"

"Nan ya fi iska! Na zaɓi nan ne!"

"Ta ina za ka sauko?"

Ya dubi ruwan da ke tsakaninsa da gada. Can ya ce, "Ina nazari!"

Ya busa usur. Muka ga Shahrul ya ruga dama, ya ruga hagu, ya ɗauko doguwar gora yana tokare ƙasa. Aka tayar da ɗan injin da ke bayan jirgin, ya yi gurnani, ya tayar da baƙin ruwa, jirgi bai motsa ba. Ruwa kuwa bai jira nazarin kowa ba, ya ci gaba da janyewa. Jiragen masunta suka zauna ɗaya bayan ɗaya a kan laka, kowanne a miƙe cikin mutunci. Seri Dahalan bai zauna ba. A hankali ya fara kishingiɗa.

Sa'an nan ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. A ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan ƙarfe mai kama da bakin gatari, tsawonsa ya kusa na mutum, shi ne ya kafe a laka. Jirgin da ke tsaye a kan wuƙa kuwa ba ya zama, sai dai ya kwanta.

Tok Awang, daga cikin baronsa, ya ce, "Subhanallahi. Jirgin nan namiji ne ko me?"

Tukunyar laksa ce ta fara tafiya. Mak Kiah ta tare ta da ƙafa. Sai buhun durian ya kwance. Suka gangaro a kan bene, wato daɓen saman jirgin, ɗaya bayan ɗaya, kyaftin yana tsalle yana kauce musu da lasifika a bakinsa, har duk gari ya ji abin da yake faɗa, wanda galibinsa istigfari ne. Guda ta same shi a idon sawu. Jikokinsa kuwa suka gano cewa benen ya zama wurin sulu, suna hawa suna gangarowa suna dariya.

Rana ta take tsaka. Pak Seman ya buga gangar masallaci da muke sanar da lokacin salla da ita, ya yi kiran farko. Jama'a suka cika, ya bi sahu yana ƙirgawa da yatsa kamar yadda ya saba, ya zo ya durƙusa kusa da ni.

"Tok Imam, talatin da takwas. Sauran biyun ga su can, ana ganinsu, ba a samunsu."

Ba zan hau mumbari da talatin da takwas ba. Muka fito gaba ɗaya muka tsaya a bakin gaɓa. Tsakaninmu da jirgin babu ruwa ko na alwala, sai laka baƙa mai sheƙi, irin wadda ke haɗiye sanda. Jiragen masunta duk sun zauna, babu mai tashi sai ruwa ya dawo, ruwa kuma ba zai dawo ba sai da la'asar, lokacin da Juma'a ta riga ta fita.

Na ɗaga murya na ce, "Haji, jama'a na jira!"

"Tok Imam, ga ni nan! Ɗan taƙin nan? Ina yaro a guje nake ƙetare shi!"

Muka ji muryar Mak Kiah, ba ta bukatar lasifika: "Abang, kana yaro a gonar shinkafa kake. Kada ka sauka."

Ya naɗe ƙafar wando, ya riƙe takalmansa a hannu, ya yi bisimilla, ya diro. Lakar ta karɓe shi har gwiwa. Ya yi taku ɗaya na jarumta, ta kai cinya. Ya yi na biyu, ta kai ƙugu. A nan ya tsaya, rabinsa fari rabinsa babu, hannuwa a sama da takalma a cikinsu.

"Yaya dai, Lan?" in ji Pak Seman. "Nan ma ka zaɓa ne?"

"Ina auna zurfinta ne saboda masu zuwa baya!"

Mai zuwa baya kuwa ya zo. Shahrul ya ga bai dace surukinsa na cikin laka shi yana bisa bene ba. Ya ce, "Bapak," wato Baba, "ga ni nan," ya diro, ya nutse a gefensa. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar turakun da aka kafa.

Aka jefa igiya, ba ta kai rabi ba. Aka ƙulla biyu, ta faɗi a laka ta yi nauyi. Wasu masu ƙarfi a jika suka fara tuɓe riguna za su shiga, Pak Seman ya tare gabansu da hannuwa a buɗe.

"Kada wanda ya taka! Mu talatin da takwas ne, ba na son mu koma talatin da biyar! Duk mai son nutsewa ya bari sai bayan salla!"

Inuwar hasumiya ta fara tsawo. Raha ta ragu a bakin mutane. Na dubi masallacin, na dubi lakar, na shiga karanta abin da ya sawwaƙa a zuciyata.

Sai muka ga Mak Kiah ta shige ɗakin jirgin da wuƙar yanka albasa. Jim kaɗan ta fito ɗauke da ƙofar ɗakin, ta kwance ta daga maƙalanta. Ta jefa ta a kan laka, ta ɗaure zanenta tamau, ta sauka a kanta. Tsofaffin cikinmu suka gane nan take. A zamanin dā, matan garin nan a kan faffaɗan katako suke shiga laka tsintar katantanwa: gwiwa ɗaya a kan katako, ƙafa ɗaya tana tunkuɗawa. An daɗe da barin wannan sana'a, katakan ma sun zama itacen girki. Ashe ƙafar Mak Kiah ba ta manta ba.

"Kiah!" in ji Haji Dahalan. "Ƙofar nan katakon ƙasar waje ce!"

"Shi ya sa take sulɓi."

Ta wuce shi ta tsaya gaban Shahrul. "Kwanta a kai da cikinka, ka ja ƙafafunka a hankali."

"Mak, Bapak ya kamata ya fara."

"Kai ka fi sauƙin ɗauka, kuma ba ka ɓata mini rai ba. Kwanta."

Ta kawo shi gaɓa yana rufe da fuska. Aka yi kabbara. Pak Seman ya ce, "Talatin da tara!" Mak Kiah ba ta ko huta ba ta juya.

A can kuwa sabuwar fitina ta tashi. Haji Dahalan ya harɗe hannuwa a ƙirji, takalma na lilo.

"Ba zan hau ba."

"Abang."

"Ni, Haji Dahalan, matata ta turo ni a kan ƙofa kamar buhun taki, a gaban mutanen da na koya wa riƙe sitiyari? Seman zai yi shekara goma yana ba da labari. Ku kawo jirgi!"

"Babu ruwa."

"To in jira ruwa. In ya zo in yi iyo in fito da mutuncina."

"Ka iya iyo?"

"Na sha gani ana yi."

Pak Seman ya buɗe baki, na riƙe hannunsa. Wannan ba wurin wasa ba ne kuma. Na matsa har bakin laka na ce, "Haji, ka dubi inuwa."

Ya ɗaga kai ya duba. Ya dubi jama'ar da ke tsaye cikin kayan Juma'a, ya dubi Tok Awang da aka turo tun hantsi yana zaune a rana. Muryarsa ta sauko, ba lasifika, amma muka ji ta.

"Tok Imam, da gaske in ban zo ba Azahar za ku yi?"

"Raka'a huɗu, Haji. Babu huɗuba."

Ya sauke hannuwansa daga ƙirji. Sa'an nan ya cire hular kyaftin ya miƙa wa matarsa, ya kwanta a kan ƙofar da cikinsa. Lakar ta sake shi da wata irin ƙara wadda ba ta dace a siffanta ta a rubutu ba.

Da aka yi rabin hanya ransa ya dawo. Ya ɗago kai, haɓarsa na sharar laka. "Hagu kaɗan, Kiah. Hagu na ce. Rage gudu, akwai kwana. Ki riƙa duba bayanki."

"Abang, ka ƙara cewa hagu, in mai da kai inda na ɗauko ka."

"Miƙe kawai. Kina ƙoƙari."

Haka ya iso gaban masallacin Kuala Nipah a idon jama'a duka, kamar yadda ya yi alkawari, sai dai a kwance. Aka ɗaga shi aka kai shi wurin alwala tare da Shahrul, aka yi ta sheƙa musu ruwa da bokiti. Wani ya tambaye ni ko lakar najasa ce, na ce lakar teku mai tsarki ce, wari ba ya cikin abubuwan da ke ɓata salla. Aka ba su zannuwa da rigunan da ake ajiyewa saboda baƙi. Ta Haji Dahalan ba ta rufe tumbinsa sosai ba, aka ƙara masa mayafi.

Ya shigo yana ɗingishi ya nufi sahun gaba. Pak Seman ya bi sahu da yatsa, ya zo kansa, ya tsaya. Ya juyo gare ni da fuskar mai neman ilimi.

"Tok Imam, ina da tambaya. Sharaɗi ai mazauna ne, matafiyi ba ya cika ƙidaya. Wannan bawan Allah kuwa kyaftin ne, yanzu ya sauko daga jirgi, daga ƙetaren teku. Anya za a ƙirga shi?"

Amsar a fili take, kuma shi ma mai tambayar ya san ta. Amma kafin in buɗe baki Haji Dahalan ya zabura ya miƙe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, idanunsa a waje.

"Wane matafiyi? Wallahi ban je ko'ina ba! Jama'a ku shaida, ko iyakar gari ban ƙetare ba! Daga bakin kogi zuwa nan ne, nan ɗin ma ban iso ba sai da aka turo ni! Ban iya jirgin nan ba, ban san gabansa daga bayansa ba! Man, ka ji tsoron Allah ka ƙirga ni!"

Masallaci ya yi tsit, irin shirun mutanen da ke danne dariya saboda alfarmar wuri. Kafaɗun sahu na biyu suna rawa. Pak Seman ya ɗora yatsa a kafaɗar abokinsa a hankali.

"Arba'in."

Na hau mumbari. Na taƙaita huɗuba gwargwadon abin da rukunanta suka yarda, muka yi raka'a biyu a cikin lokacinsu, kuma ban taɓa jin amin mai ƙarfi irin ta ranar ba.

Da la'asar ruwa ya dawo, jirgin ya miƙe da kansa, masunta suka jawo shi suka mai da shi bakin kogi. Norlia ta sauko da 'ya'yanta tana cewa tun da ta yi aure ba ta taɓa samun barcin rana irin wanda ta yi a karkace ba, domin babu mai busa usur. Guzurin kwana biyu aka shimfiɗa shi a barandar masallaci, gari duka ya ci laksa da abin da ya tsira na durian.

Ina tsammanin Haji Dahalan zai ɓuya a gida mako guda. Ban gama wanke hannu ba na jiyo muryarsa a tsakiyar taro, cikin aron riga, yana nuni da cokali.

"Ku faɗa mini, a tarihin garin nan wa aka taɓa tsayar da Juma'a ana jira? Mutum talatin da tara, har da liman da ladan, a tsaye a rana! Ba don ni ba da yau Azahar kuka yi. Tok Imam, na yi ƙarya?"

Jama'a suka juyo suna dubana. Na auna maganar ta kowace fuska da na sani, na nemi inda zan kama ta ban samu ba.

Na ce, "Ba ka yi ƙarya ba, Haji."

Allah ya raya masallatanmu da jama'a, ya ƙara mana ko da mutum ɗaya a kan arba'in, ya kuma saka wa Hajah Rokiah da mafificin alheri. Amin.